Tambaya Guda, Kaya Biyar: Mace da Ƙwallon Kwando

Ranar 3 ga Agusta, 2025, a birnin Abidjan, tawagar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, D'Tigress, ta doke Mali da maki 78 da 64, ta ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere, na bakwai a tarihi. Da suka dawo gida aka karɓe su a fadar shugaban ƙasa, aka yi wa kowace 'yar wasa alkawarin dala 100,000 da gida da lambar girmamawa. Shekara guda kafin nan, a gasar Olamfik ta Faris, su ne suka kayar da Ostareliya da Kanada, suka zama tawagar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe a wannan wasa. Mai horar da su, Rena Wakama, mace ce.

Irin wannan labari ba ya tsayawa a Legas da Abuja. Wayar hannu tana kai shi har Dandin Mahe da Shagari da Boɗinga a ƙasar Sakkwato, inda yarinya doguwa mai ƙarfin gwiwa za ta gani a wayar yayanta, ta yi shiru. In maganar ta kai ga manya, ƙarshenta a gaban malami za ta tsaya: “Allah gafarta Malam, ya halatta mace ta yi ƙwallo?” Sau da yawa amsar takan fito kafin mai tambaya ya rufe baki.

Abin da ke damun wannan tambaya shi ne an cusa mata kaya da yawa. A cikinta akwai guje-guje da tsalle-tsalle, wato wasan kansa. Akwai tufafi. Akwai idon 'yan kallo. Akwai kuɗi. Akwai tafiya da kwana a garin da ba na iyaye ba. Kowane da hukuncinsa a littattafan da ake karantawa a zaurukan Sakkwato, kuma hukunce-hukuncen ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya dunƙule su ya ba da amsa guda, ko ta hani ko ta yarda, ya sauƙaƙa wa kansa aiki ne kawai.

Rayuwar Bilqis Abdul-Qaadir ta isa ta warware wannan ƙulli, domin ita ta gamu da kayan nan ɗaya bayan ɗaya. An haife ta a 1990 a Springfield ta jihar Massachusetts a Amurka, garin da James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891. Ba doguwa ba ce. A cikin 'yan wasa ma gajera za a ce mata. Amma kafin ta gama sakandare ta zura maki 3,070, abin da babu ɗalibin da ya taɓa yi a jihar, namiji ko mace. Ta shafe tarihin Rebecca Lobo, wadda ta zama tauraruwa a gasar ƙwararrun mata ta WNBA. Tana yin wannan duka da hijabi a kanta, da dogon hannu, da ƙafafu a rufe. A Ramadanan 2009 Shugaba Barack Obama ya gayyace ta buɗa-baki a fadarsa. Ta buga wa Jami'ar Memphis, ta ƙarasa a Jami'ar Jihar Indiana a kakar 2013 zuwa 2014.

Abin da ya saura shi ne ta tafi Turai ta ci abinci da baiwarta, kamar yadda ɗaruruwan takwarorinta ke yi. A nan aka tare ta. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, tana da doka a lokacin da ta hana sa wani abu a kai wanda faɗinsa ya wuce santimita biyar. Hujjar hukumar ita ce gudun rauni. Dokar ba Musulmi kaɗai ta cije ba: a 2014 an sa 'yan wasan Indiya biyu mabiya addinin Sikh sun kwance rawunansu kafin su shiga fili a ƙasar Sin. A watan Satumban wannan shekara, a gasar Asiya da aka yi a Incheon ta Koriya ta Kudu, matan Katar suka ƙi cire hijabi, suka bar wa Mongoliya wasan, suka janye daga gasar gaba ɗaya.

Bilqis ta zaɓi hijabinta, ta shiga gwagwarmaya tare da wata 'yar wasa 'yar asalin Bosniya, Indira Kaljo. Aka tara sa hannun mutum fiye da dubu ɗari. A watan Mayun 2017, a Hong Kong, FIBA ta soke dokar, sabuwar ta fara aiki a Oktoba. Nasara ce, amma ta zo wa mai ita a makare. Shekara uku ba komai ba ce ga hukuma mai taro da kwamitoci; ga 'yar wasa kuwa su ne shekarun ganiyarta. Bilqis ba ta buga wasan ƙwararru ba. Ta koma horar da yara mata Musulmi.

Har yau ba a gama ba. Tun ƙarshen 2022 hukumar ƙwallon kwando ta Faransa ta hana sa alamar addini a gasanninta. Diaba Konaté, wadda aka haifa a Faris, ta wakilci Faransa a matakin matasa, ta yi fice a wata jami'ar Kalifoniya da hijabinta, ta tarar ba ta da damar bugawa a ƙasar haihuwarta. A Olamfik ɗin da D'Tigress suka yi suna, 'yan wasan kowace ƙasa suna da damar rufe kai, ban da na mai masaukin baƙi.

Duk Musulmin da ya ji wannan zai ji haushi, kuma da gaskiyarsa. Sai dai akwai abin dubawa a cikin haushin. In an zalunci Bilqis da Diaba da aka hana su fili, to filin haƙƙinsu ne ke nan. Mutum ba zai yi kukan an hana 'yar'uwarsa abu a Faris ba, alhali ya san ko da an ba ta, shi zai ƙwace a gida. Yarinyar nan guda ce, ƙofa biyu ke rufe a gabanta: ta waje tana cewa sai kin tuɓe, ta gida tana cewa ko kin rufe ba ki shiga.

A koma ga kayan nan biyar. Na farko, wasan kansa, shi ne mafi sauƙi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya, ta tsere masa. Bayan shekaru, da ta yi jiki, suka sake, ya tsere mata, ya tuna mata da na farko cikin raha. Buhari da Muslim sun kawo labarin Habashawa masu wasa da masu a masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo a bayan mijinta har sai da ta gaji da kanta. Babu malamin da zai ce gudu ko jifa ko tsalle haramun ne a karan kansa ga mace. Al'adar Hausa ma ba ta ce ba. Gaɗa a dandali da daren farin wata tsalle ce da faɗuwa a hannun ƙawaye, kuma kakannin da ke ɗaure fuska yau sun yi ta da ƙuruciya. Macen da ke kirɓa turmin gero da asuba, ta ja guga a rijiya mai gaba goma, ba za a kawo mata zancen raunin jiki ba.

Na biyu da na uku, tufafi da ido, tare suke tafiya. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a wannan ƙasa, al'aurar mace a gaban ajnabi ita ce dukkan jiki ban da fuska da tafuka, a tsakanin 'yan'uwanta mata Musulmi kuwa daga cibiya zuwa gwiwa. Ashe hukuncin tufafi yana bin wanda ke kallo ne. A fili mai katanga, mai alƙaliyar wasa mace da 'yan kallo mata, rabin matsalar ya tafi tun ba a hura usur ba.

Wani zai ce ai wasan Turawa ne, da gajeren wandonsa ya zo. Tarihi bai goyi bayansa ba. Naismith malami ne a makarantar horar da ma'aikatan wata ƙungiyar Kiristoci, kuma abin da ya nema shi ne wasan cikin ɗaki da ba shi da kokawa. Shekara guda bayan ƙirƙirar, Senda Berenson ta koya wa ɗalibanta mata a Kwalejin Smith. A wasansu na farko a bainar ɗalibai, a 1893, ba a bar namiji ya shiga kallo ba. Haka aka yi a 1896 da matan jami'o'in Stanford da Berkeley suka kara. 'Yan matan nan da dogayen hannuwa da buje mai faɗi da safa suke wasa. Singileti da gajeren wando daga baya suka shigo, kamar yadda kowace kwalliya ke shigowa. Abin da dokar wasa ta dogara a kai shi ne fili mai tsawon mita 28 da faɗin 15, kwando a bisa mita uku da santimita biyar, da mutum biyar-biyar.

Wasu ƙasashen Musulmi sun gane haka tun da wuri. Iran ta shirya gasar matan ƙasashen Musulmi a Tehran a 1993, ƙarƙashin jagorancin Fa'iza Hashimi Rafsanjani, aka maimaita a 1997 da 2001 da 2005, yawancin wasannin ba namiji a zauren. A Jidda, Lina Al-Ma'ina ta kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata a 2003, lokacin da makarantun gwamnati na 'yan mata a Saudiyya ba su da darasin motsa jiki. Sai a 2017 gwamnati ta amince da shi. Kusa da gida, Senegal ta ci kofin Afirka na mata sau 11, fiye da kowa. Mali ta ci a 2007 da Hamchétou Maïga, wadda ta riga ta ɗauki kofin WNBA da ƙungiyar Sacramento a 2005. Ƙasashen nan biyu littattafan Malikiyya, Risala da Muhtasar, suke karantawa, kamar Sakkwato. Wannan ba hujja ba ce ta shari'a, don aikin jama'a ba ya halatta abu, kuma yawancin 'yan wasansu ba da hijabi suke bugawa ba. Amma ya nuna cewa nisan da ke tsakanin matan Arewa da kwando ba duka ne daga littafi ya fito ba.

Na huɗu, kuɗi, ya fi ɗaukar hankalin malaman da. Akwai hadisin da ya taƙaita sa lada a gasa ga tseren dawaki da raƙuma da harbin kibau. Muhtasar na Shaihu Halilu ya bi wannan, ya halatta sauran gasanni in ba a sa dukiya ba. Abin da ake tsoro shi ne caca: kowa ya zuba, wanda ya ci ya kwashe. Albashin 'yar wasa kuwa wani babi ne. Ƙungiya ta ɗauke ta aiki na wata kaza a kan kuɗi kaza, a ci ko a faɗi. Wannan ya fi kama da ijara, wato jinga. Malaman zamani da dama sun halatta kyautar da ta fito daga hannun wanda ba ya cikin gasar, kamar gwamnati ko kamfani. Inda ƙura take ita ce rigar da ke ɗauke da tallar giya ko kamfanin caca, kuma wannan ƙura ba ta bambanta mace da namiji. Abin mamaki, ba a cika jin an tayar da ita a kan samarin da ake yi wa addu'ar samun ƙungiya a Turai ba. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya buga wasannin NBA da azumi a bakinsa, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995, watan da ya dace da Ramadan. Ana ba da labarinsa da alfahari, ba a tambayar halaccin albashinsa.

Na biyar shi ne mai nauyi, kuma a nan ya kamata a saurari iyaye da kunnuwa biyu. Sana'ar 'yar wasa sana'ar tafiya ce. Murjanatu Musa ta fara suna a ƙungiyar Air Warriors ta Abuja, ta wuce Celta a Sifen, ta koma Tarbes a Faransa, a 2025 ta sa rigar Phoenix Mercury a Amurka, duk tana buga wa Najeriya. Wannan ita ce hanyar wadda ta yi sa'a: ƙasa huɗu kafin ta kai shekara 26. Hadisan da suka hana mace doguwar tafiya ba muharrami sanannu ne. Malikiyya sun yi sassauci da amintacciyar tawaga, amma a hajjin farilla suka yi shi, kuma ba kowane malami zai yarda a miƙa wannan sassauci zuwa gasar ƙwallo ba.

Tsoron kuma ba na banza ba ne. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fallasa yadda aka daɗe ana cin zarafin 'yan mata a ƙwallon kwando ta Mali. Aka kama kocin tawagar 'yan ƙasa da shekara 19, FIBA ta sa aka yi bincike, rahoton ya tabbatar da cewa ɓarnar ta yi zurfi kuma manya sun rufe ido. Uban da ya ce ba zai ba wani ƙato amanar 'yarsa zuwa sansanin horo ba, ba jahilci ke damunsa ba. Ya san abin da mai iko kan makomar yarinya ke iya nema a wajenta.

To, in sharuɗɗan gaskiya ne kuma haɗarin gaskiya ne, sai a rufe babin? Amsar wannan tana da tarihi a wannan yanki. Daga Dandin Mahe zuwa Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ba wata tafiya ba ce. Tun kafin jihadi, wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya soki Shehu a kan barin mata suna halartar wa'azinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, kuma Abdullahi ya adana ta a Tazyinul Waraƙati. Bai musa cewa cakuɗuwa matsala ce ba. Ya nuna ana raba mazauni, kuma barin mata cikin jahilci ya fi muni. A Nurul Albabi Shehu da kansa ya caccaki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata a duhu.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mai da wannan magana tsari. Ta tarar matan aure na ƙauyuka ba su iya barin gidajensu su zo karatu. Ba ta ce to shi ke nan ba, ba ta kuma ce a karya kulle ba. Ta kafa 'Yan Taru: dattawan mata da yara mata su taso a ƙungiya ƙarƙashin jaji, wadda Asma'u ke naɗa wa malfa da jan rawani, su zo su koya, su koma su koyar da na gida. Sharaɗin tafiya yana nan, sharaɗin sutura yana nan, amma an gina hanyar da ta cika su.

Ba a haɗa ilimi da ƙwallo a sikeli ɗaya. Neman sanin addini wajibi ne, jefa ƙwallo a kwando iyakarsa halal. Abin koyi a nan shi ne yadda magabatan nan suka ɗauki sharaɗi: aiki ne da ya hau kan wanda ya gindaya shi. Wanda ya ce yarinya za ta iya wasa in akwai katanga da mai horarwa mace da tufafin da ya dace, sannan bai gina katangar ba, bai tura kowa koyon horarwa ba, bai kira tela ba, hani ya yi, ko da bakinsa bai furta ba. FIBA ma da sunan kariya ta rufe wa Bilqis ƙofa.

Akwai kuma wani abu da ido ya saba da shi har ya daina gani. A tashoshin mota da kasuwannin da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, yara mata na yawo da farantin talla a ka, tsakanin direbobi da 'yan kamasho, wani lokaci har bayan magariba. Ba katanga, ba muharrami, ba mace mai kula. Malamai da yawa sun yi wa'azi a kan wannan, amma tallar ba ta tsaya ba, domin da ribarta ake tara kayan ɗaki. Al'ummar da ta iya haƙuri da wannan, in ta ce tsoron cakuɗuwa ne ya hana ta kafa kwando a cikin makarantar kwana ta 'yan mata, wadda ke da katanga da maigadi a ƙofa, to ma'auninta na buƙatar gyara.

Ƙarƙashin duk wannan akwai tambayar da ta fi fiƙihu faɗi: me ake bin baiwa? Musulmi ya yarda tsawo da sauri da kaifin ido kyauta ce daga Allah, kuma za a tambayi mutum a kan ƙuruciyarsa da yadda ya ƙarar da ita. Ba kowace baiwa ce dole a mai da ita sana'a ba. Bilqis ta nuna ana iya ajiye ta saboda abin da ya fi ta, kuma wannan ajiyewa tana da daraja domin ita ta zaɓa, ta san abin da ta bari. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe ƙwallo ba kuwa ba ta ajiye komai don Allah ba. An ajiye mata ne, kuma ladan sadaukarwa ba ya zuwa ta wannan hanya.

Saura batun kyamara. Ko da hijabi da dogon wando, wasan ƙwararru wasa ne na talabijin da dubban maza a kujeru, kuma a nan malamai za su ci gaba da saɓani. Wasu za su ce in sutura ta cika, kallon ya zama laifin mai kallo. Wasu za su ce gudun mace a gaban maza fitina ne ko da me ta sa. Duka ɓangarorin suna da abin kafa hujja, kuma yarinya da iyayenta suna da damar bin wanda zuciyarsu ta natsu da shi. Amma wannan tambaya ta mutum ɗaya ce cikin dubbai, kuma ba ta tasowa sai bayan shekara goma ana horo. Sauran dubban abin da za su samu shi ne ƙarfin ƙashi da numfashi, da sanin yadda ake cin nasara da yadda ake shan kaye, wataƙila da gurbin karatu. Kafin a kai ga muhawarar kyamara, abin da ke gaban ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga bai wuce daɓen siminti mai mita 28 da 15 a cikin makarantar 'yan mata ba, da sanduna biyu da maƙeri zai iya haɗawa, da malamar motsa jiki da aka biya wa karatu a kwalejin ilimi aka kuma ba ta takardar kama aiki.